Hash ɗin rubutu a Python: abin da ya sauya tsakanin 3.3 da 3.11

Duk lokacin da ka nemi mabuɗi na rubutu a cikin dict, ma'ajiyar da ke haɗa kowane mabuɗi da bayaninsa, sai Python ta fara mayar da rubutun zuwa lamba guda, wato hash, sannan ta san gurbin da za ta duba. Kafin 3.3 lissafin ba ya canzawa: rubutu ɗaya, lamba ɗaya, a duk lokacin da aka tayar da shirin. A taron masana kwamfuta na 28C3, a Disamba 2011 a Berlin, Alexander Klink da Julian Wälde suka nuna illar hakan. Mai mugun nufi zai iya kera dubban mabuɗai masu hash iri ɗaya ya tura wa sabar, duk su cunkushe a gurbi guda, aikin ya ninka har sabar ta sandare.

Python 3.3 ta fara gauraya lissafin da lambar sirri da take zaɓa a kowane tashi. Ba ta toshe ƙofar gaba ɗaya ba, shi ya sa 3.4 ta kawo sabuwar hanyar lissafin hash mai suna SipHash-2-4 ta hanyar takardar shawara PEP 456 a 2014. A 3.11 aka koma SipHash-1-3. Lambobin nan zagayen lissafi suke nufi: 2-4 na yin zagaye 2 a kan kowane bayit 8, da 4 na rufewa, 1-3 kuwa 1 da 3. Ga kalmar da ba ta kai bayit 8 ba, zagaye 6 sun dawo 4. Ga dogon rubutu, aikin ya ragu kusan rabi. Rubuta sys.hash_info.algorithm ka ga wanda kake kai.

Sai dai yawancin masu auna wannan bambanci ba shi suke aunawa ba. Python tana lissafa hash ɗin rubutu (str) sau ɗaya ne, ta ajiye shi a jikin rubutun. In ka sa hash(s) cikin timeit, ma'aunin lokaci na Python, sau miliyan, lissafi ɗaya ka yi, sauran duk karanto ajiyayye ne. Dole ka ƙirƙiri sabon rubutu a kowane zagaye, misali da b.decode() mai mayar da bayit zuwa rubutu, ka auna kuɗin decode shi kaɗai ka cire. Kada ka dogara da s[:], domin ainihin s yake dawo maka. Kuma 3.11 ta zo da gyare-gyaren sauri masu yawa a injinta, don haka ba kowace riba ba ce ta SipHash. Inda za ka ji ta sosai shi ne wajen karanta JSON ko CSV, inda mabuɗai sababbi ke ta ɓullowa.

Masu sarrafa rubutun Hausa su lura da wani abu. Tun 3.3, bayit ɗin da Python ke ajiye haruffa da su ake lissafawa. Haruffa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sun wuce U+00FF, don haka guda ɗaya a cikin layi ya isa ya mayar da kowane harafi bayit 2, hash ɗin ya ci ninki biyu na bayit.

In za ka kwatanta fitowa biyu na Python, tsayar da PYTHONHASHSEED, saitin lambar sirrin nan, a lamba guda, ko ka yi amfani da pyperf, ma'aunin sauri da ke tayar da shirin sau da dama. Jerin set (tarin abubuwa marasa maimaici) na rubutu yana sauyawa daga tashi zuwa tashi, shi ke sa gwaji ya wuce yau ya faɗi gobe. Dict kam tana riƙe jerin shigarwa tun 3.7. Sakamakon hash() bai dace a ajiye shi a fayil ko a raba bayanai tsakanin sabobi da shi ba. Wannan aikin hashlib ne ko zlib.crc32, waɗanda sakamakonsu ba ya canzawa.