Jera Waƙa a Kan Layi Biyar: Aikin Shagonmu a Agege

Sana'armu rubuta kiɗa ce. Mutum zai zo da waƙa a cikin tsohon littafin da bangonsa ya zube, ko a takardar da aka cika da biro, ko ma a murya cikin waya, mu zauna mu jera ta a kan layukan nan biyar da ake kira sitaf, mu sa kowace gaɓar kalma a ƙarƙashin notarta, wato alamar sautin da za a rera ta da shi, sannan mu shigar da ita cikin littafi ko kundin digiri ko takardar shirin biki. Shagon yana Agege, ɗaki ɗaya a saman bene. Ni ne da ƙanwata mai duba rubutu, sai yaro ɗaya da ke koyo.

Yawancin masu hawo mana benen nan mutanenmu ne na Arewa mazauna Legas. Akwai malaman kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, na majami'un da ake sujada da Hausa, daga nan Agege har Idi-Araba da Obalende da barikoki. Akwai zumuntar mata idan taron shekara ya matso, da masu badujala da ke son a raba wa kowane mai busa takardarsa. Ɗaliban kiɗa na Jami'ar Legas a Akoka da na makarantar MUSON a Onikan su ma suna zuwa, haka masu bincike kan kalangu da goge da algaita waɗanda ke son misalan kiɗa su zauna daram a tsakiyar rubutunsu.

A Wusasa ta Zariya na koyi aikin, tun ban taɓa ganin kwamfuta ba. Akwai wani tsoho a unguwarmu da ya yi ritaya daga badujalar soja, muna ce masa Baba Sajan. Shi ke kwafe wa kwaya waƙoƙi da hannu. Yana da wani alƙalami mai baki biyar, ja ɗaya sai layuka biyar su fito a jere, kuma ba ya barin kowa ya taɓa shi. Da farko abin da ya ba ni kawai shi ne zana kan nota, shafi bayan shafi, har sai da hannuna ya gane cewa siffar ƙwai gare ta, a ɗan karkace, kuma dole ta cika tsakanin layi biyu ba tare da ta haura ba. Daga baya ya koya mini rabon fili: nota mai dogon ja tana samun wuri fiye da gajeriya, amma wadda ta ninka 'yar'uwarta a lokaci ba a ninka mata fili a takarda, ana ɗan ƙara mata ne kawai, ido ya ƙarasa sauran. Ranar da na fara kwafe takardar mai kakaki, ya duba inda shafi ya ƙare ya ce, "Ɗana, mai busa hannunsa biyu suna kan aiki. Ka ƙare masa shafi a inda yake hutawa." Har yau kafin takardar badujala ta bar shagon nan, sai na bi ƙarshen kowane shafi na tabbatar akwai hutun da za a juya. Idan za a yi kwafi da yawa, kan sitensil muke karcewa mu kai wa injin Gestetner, ƙamshin tawadarsa ya bi mu har gida. Shi ne kuma ya ba ni labarin masu sana'ar a Turai, waɗanda ke sassaƙa kiɗa a kan farantin ƙarfe, a juye, daga dama zuwa hagu, don ya fito daidai a takarda.

Yanzu da LilyPond nake yin mafi yawan aiki. Manhaja ce ta kyauta wadda wasu mutanen Holan biyu, Han-Wen Nienhuys da Jan Nieuwenhuizen, suka fara a 1996, da niyyar kwaikwayon kyan aikin waɗancan masassaƙa. Ba a jan nota da linzami a cikinta. Rubutawa ake yi da haruffa da lambobi, c4 d8 e8, ita kuma ta zana shafin. Nakan buɗe ta ta cikin Frescobaldi, rubutu a hagu, shafi a dama, in na danna nota sai ta kai ni layin da na rubuta ta. Muna da MuseScore ma, domin da ita yawancin malaman kwaya suke aiki a gida, kuma ba a biyan ko sisi. Tun watan Agusta na 2024, da masu Finale, wata manhajar rubuta kiɗa, suka sanar cewa sun daina ci gaba da ita, mutane suke kawo mana tsofaffin fayilolinsu a ceto musu. Hanyar ita ce a fitar da su zuwa MusicXML, tsarin fayil da manhajojin kiɗa ke musaya da shi, tun manhajar tana buɗuwa, mu kuma mu karɓa daga nan. Notoci suna tsallakowa lafiya, amma tsarin shafi ba ya biyo su duka, sai an sake zama a kansa.

Gyaran matsala shi ne rabin sana'ar, kuma a nan ake gane wanda ya san kiɗa da wanda ya san danna maɓalli kawai. Kwanakin baya wani ɗalibi ya zo da laftof ɗinsa ido ja, ya ce muryar bes ta bar layuka ta haye sama, ƙananan layukan ƙari sun taru har sun shiga cikin kalmomi. Na duba, na ga yana rubutu ne da LilyPond, a tsarin da kowace nota ke neman mazauni mafi kusa da wadda ta gabace ta. A wannan tsarin, idan waƙa ta yi tsalle mai nisa sai ka sa waƙafi don a sauka, ko ɗan ɗigon sama don a hau. Waƙafi ɗaya ya manta a layi na uku, sai duk abin da ya biyo baya ya ɗaga tare. Na sa masa, shafin ya koma mazauninsa. Na kuma nuna masa ya riƙa sa sandar tsaye a ƙarshen kowane awo, wato yankin waƙa mai ƙayyadadden adadin bugu, domin da zarar bugu ya ragu ko ya ƙaru manhajar za ta yi gargaɗi ta faɗi layin. Idan kuwa gargaɗin ya fito tun a awo na farko, kusan kullum waƙar ce ta fara da rabin awo, kamar yadda waƙoƙin sujada da yawa suke farawa, aka manta a sanar da manhajar. Akwai kuma tsohon fayil da ya ƙi buɗuwa a sabon zubin manhajar. Wannan shi ya sa ba na yarda a goge layin da ke nuna lambar zubi a saman fayil, don da shi convert-ly, mai sabunta tsofaffin fayilolin LilyPond, ke sanin daga inda za ta fara sabuntawa.

Inda nake alfahari da shagon nan shi ne wajen kalmomin Hausa. Waɗanda suka ƙera manhajojin nan ba da mu a zuciya suka yi ba, saboda haka sai mai aiki ya tsaya da kansa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba kowane zubin haruffa ke ɗauke da su ba. Idan babu, wata manhajar ta bar ɗan akwati a wurin, wata kuma ta aro harafin daga wani zubi dabam, sai ka ga "ƙauna" da ƙ siririya sauran haruffan masu kauri. Mutum goma za su wuce ba su lura ba, amma shafin ya riga ya yi datti. Mukan ajiye fayil a tsarin UTF-8, mu zaɓi zubi irin su Charis SIL ko Gentium ko Noto waɗanda haruffan suke ciki tun asali. Sai rabon gaɓa. Ts da sh da ƙw da gy sauti ɗaya ne kowannensu, ba a tsaga su. "Tsarki" tsar-ki ne, "Ubangiji" U-ban-gi-ji, "sammai" sam-mai. Ƙanwata takan ɗauki shafin ta rera shi a hankali tana bin kowace gaɓa da fensir, kuma idan ta ji doguwar gaɓa ta faɗa kan gajeriyar nota har ma'ana ta nemi juyawa, mukan kira mai waƙar mu tambaye shi kafin mu taɓa komai. Waƙarsa ce, ba mu da ikon canja masa ita a ɓoye.

Yawancin ƙungiyoyin kwayarmu da solfa suka saba, do re mi ɗin nan da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19 bisa aikin Sarah Glover, mishan suka iso da shi ƙasar nan. Don haka littattafanmu da yawa muna jera solfa a saman sitaf, kowane harafi daidai kan notarsa. Aiki ne mai cin ido. Ɗigo biyu suna raba bugu, ɗigo ɗaya rabin bugu, waƙafi kwata, ga 'yar alamar da ke nuna sama ko ƙasa a gefen harafi. In ta ɓace wajen canja zubin haruffa, alto za ta rera abin da ba nata ba.

Sai shigar da kiɗan cikin takarda, wanda a nan ne aikin mutane da yawa ke lalacewa bayan sun sha wahalar rubutu. Layukan sitaf sirara ne ƙwarai. Hoton PNG da LilyPond ke fitarwa in ba ka ce mata komai ba ɗigo 101 ne a inci, ya isa kallo a allo, amma a takarda sai layi ɗaya ya yi kauri, na kusa da shi ya dushe. Idan dole sai hoto, ba na sauka ƙasa da 600. Abin da ya fi shi ne PDF ko SVG, waɗanda ko an faɗaɗa su ba sa fashewa. Ga mai rubutu da manhajar tsara littafi ta LaTeX, lilypond-book tana karanta faɗin shafinsa ta yanka kiɗan daidai da shi. Mai LibreOffice akwai ƙarin OOoLilyPond. Mai Word kuwa, tun 2017 aka rufe shigar da zane irin na EPS saboda tsaro, sai mu ba shi SVG in zubinsa ya karɓa, ko hoto mai nauyi. Doka ɗaya nake ba kowa: kada ka ja kusurwar hoto don ya cika shafi. Girman sitaf a LilyPond 20 ne tun asali, a ƙaramin littafi na A5 nakan sauke shi zuwa 16 ko 17, kuma haka zai tsaya daga waƙa ta farko har ta ƙarshe. In misali gajere ne, ya zauna gajere.

Wannan dokar ita ce masu kwaikwayonmu ba su sani ba, kuma su ne ciwon kaina. Akwai shagunan buga takardu birjik a Legas da za su ce maka sun iya. Su ɗauki hoton allo, su manna, su ja shi hagu da dama har kan nota ya baje, shafi na biyar manyan notoci, na shida ƙanana sai an sa tabarau. Su cire lanƙwasar haruffa gaba ɗaya, "ɗa" ya koma "da", "ƙasa" ta koma "kasa". Na ga takardar badujala da aka ba mai kakaki notoci iri ɗaya da na mai fiyano, alhali kakaki da kilarinet masu B♭ sai an ɗaga musu rubutu da taki ɗaya cikakke. Ranar biki aka gane, a gaban jama'a. Abin yana ƙona mini rai, domin matan nan sun yi karo-karo ne daga kuɗin cefanensu, sun yi watanni suna koyon waƙa, a ƙarshe a miƙa musu abin da ba ya karantuwa.

Kuma saboda waɗannan shagunan ne ciniki ke wuya. Wata shugabar zumunta ta zo da waƙoƙi cikin leda, na faɗa mata kuɗi, ta riƙe haɓa ta ce, "Haba ɗana, ai a ƙasan gada rabin wannan aka ce mini." Na ce, "Mama, zauna ki huta tukuna." Na ɗauko littafin da muka yi da wanda aka kawo mana gyara, na buɗe mata waƙa ɗaya a cikin kowanne, na ce ta rera. A na farko ta wuce sumul. A na biyu ta tsaya a layi na biyu tana neman inda kalma ta faɗa. Ta rufe ta ce, "To a rage mini ko yaya ne." Na rage mata abin da zan iya, don uwa ce, amma na gaya mata gaskiya cewa araha ba ta ado, kuma duba uku da muke yi wa kowane shafi ba zan cire ko ɗaya ba.

Ko an gama komai, saura maɗaba'a. A Shomolu muke bugawa, kuma ba na aika fayil in zauna a shago. Nakan shiga danfo in je da kaina, in tsaya har a fitar da gwaji. An sha buɗe PDF ɗinmu a wata manhajar zane a kwamfutar da ba ta da haruffan kiɗa, sai notoci su rikiɗe su zama baƙaƙen boko da akwatuna. Shi ya sa nake tabbatar da cewa haruffan suna ƙunshe cikin fayil, na kuma hana a sake buɗe shi don gyara. Baƙin tawada ma sai an kula. Idan aka bar baƙi ya zama haɗin launi huɗu, faranti ɗaya ya goce kaɗan, kowane layin sitaf zai fito da inuwar ja ko shuɗi a gefensa. Baƙi zalla nake nema, faranti ɗaya. Takarda kuma wadda ba ta nuna bayanta, don kada notocin wancan shafi su leƙo cikin na wannan. Wani mai injin yakan ce na cika tsanani, wani kuma ya canja takarda bayan na juya baya, shi ya sa waɗanda nake hulɗa da su yanzu ba su da yawa.

Wanda zai kawo mana aiki ya zo da asalin fayil in yana da shi, kada ya turo hoton da WhatsApp ya matse. Ya zo da kalmomin a rubuce dabam da lanƙwasarsu, ya faɗi girman littafin da ranar da ake buƙatarsa. Idan kuma waƙar a ka take, ba a taɓa rubuta ta ba, a taho da wanda ya fi iya rera ta, zai zauna kusa da fiyanon shago mu ɗauke ta layi-layi. Lokacin Kirsimeti da Ista layi yakan yi tsawo, gara a zo da wata biyu a hannu.