In Sha Allah na Gaske, ko Naka?

Ɗiyata tana da shekara huɗu da 'yan watanni ranar da ta yi mini tambayar nan. Da yamma ne, na dawo daga Magazin, unguwar makanikai da masu walda ta Kumasi, ina tsugune a bakin famfon tsakar gida ina cuɗa hannuna da omo don baƙin mai ya fita. Ta zo ta kama ƙafar wandona ta ce, "Baba, ran Lahadi za mu je ganin namun daji?" Wata uku ke nan ina yi mata alkawarin gidan namun daji na Kumasi, wanda ke nan kusa da kasuwar Kejetiya, daga unguwarmu Aboabo ba wata tafiya ba ce. Ban ko ɗago ba na ce, "In sha Allah." Ta yi shiru, sannan ta ce, "In sha Allah na gaske, ko naka?"

Matan gidan suka fashe da dariya. Gidan haya ne, kowa yana jin tarin kowa. Uwarta kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Tana tankaɗen garin tuwo, ta ci gaba da abinta kamar ba ta ji ba, ni kuwa na san ta ji.

Ƙannena masu shirin aure da waɗanda suka yi kwanan nan, bari in koma baya ku ga inda abin ya samo asali.

Na yi aure a 2014, ina aikin walda a Suame Magazin. Sadaki bai wahalar da ni ba, lefe ne ya karya mini baya: akwatuna, atamfofi, mayafai, takalma, duk don kada dangin amarya su buɗe su taɓe baki. Ga kuɗin ɗaki. Dokar haya ta Ghana tun 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida gaba ɗaya, amma duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Aboabo ko Asawase ya san shekara biyu za a ce ya ajiye, in ba ya so ga wani a bayansa. Na ci bashi wurin mastana, na ci wurin wani abokin aiki, na kwashi susu, wato adashi, tun zubina bai yi nisa ba. Amarya ta tare ba ta san ko ɗaya ba. Na ce a raina bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sai dumso ta zo. Wanda bai ga 2015 ba zai ɗauka labari ne. Kalmar ma ta Tonanci ce, harshen Ashanti, kashe wuta da kunnawa. Ruwan madatsar Akosombo ya yi ƙasa, iskar gas da ke zuwa ta bututu daga Najeriya ba ta isa, aka riƙa ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Mai walda ba shi da sana'a in babu wuta. Mu wuni zaune a kan benci muna kallon ƙarafa, in an kawo ta da tsakar dare mu fita da gudu. A shekarar aka haifi ɗiyar tamu.

A nan na koyi wata magana mai daɗi wadda ta zama mini mayafi. Duk abin da matata ta tambaya, amsata ɗaya ce: "Allah zai kawo." Kuɗin cefane? Allah zai kawo. Sabunta katin inshorar lafiya? In sha Allah gobe. Ina ganin kaina mutum mai kyakkyawan zato, mai ƙarfin zuciya, wanda ba ya kawo damuwa gida. Har nakan kafa hujja da hadisin da Allah ya ce yana wurin zaton bawansa gare shi. Hadisin ingantacce ne, ni ne nake ɗora shi inda ba wurinsa ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wannan. Wani dare ta zaunar da ni cikin ladabi ta ce, "Maigida, don Allah ka gaya mini halin da muke ciki. Nawa ake bin ka?" Maimakon in amsa, sai na ce mata, "Ke dai ba ki da tawakkali." Ku duba fa. Mace ta nemi gaskiya daga mijinta, shi kuma ya tuhumi imaninta. Ba ta sake tambaya ba. Daga baya na gane cewa a watannin nan zannuwan lefen da na ci bashi na saya ne take fitarwa ɗaya bayan ɗaya tana sayarwa, muna cin tuwo da kuɗinsu, ni kuma ina cewa ga shi Allah ya kawo. Lallai ya kawo, amma ta hannun wadda na ce ba ta da tawakkali.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata safiya abokin aikin nan nawa ya gaji da in sha Allah ɗina, ya zo har gida, ya tsaya a tsakar gida ya faɗi adadin kuɗinsa da ƙarfi. Ba na ganin laifinsa, shi ma yana da iyali. Da ya tafi, matata ta ce mini abu ɗaya: "Ba bashin ne ya yi mini zafi ba. A bakin wani na ji, a gaban matan gida." Na ba ta haƙuri, na kama biya kaɗan-kaɗan har na gama. Na ɗauka shi ke nan na gyaru. Ashe bashin kawai na biya, bakin yana nan yadda yake, sai da yarinya 'yar shekara huɗu ta nuna mini.

Daren da ta yi tambayar, bayan sallar isha'i, na bi kawuna zuwa ƙofar gidansa na ba shi labari, ina ɗan dariya don in rage nauyin abin. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, ka san abin da ka koya wa yarinyar nan? Ka koya mata cewa in an ambaci sunan Allah a kan magana, to ba za a yi ba." Ya ce in koma Suratul Kahfi, aya ta 23 da ta 24: wanda ya ƙudurta zai yi abu gobe shi aka umarta ya ce in Allah ya so. Ba a ba mu kalmar don mu kori mai roƙo da ita ba. Sannan ya kawo mini hadisin Abdullahi ɗan Amir, wanda uwarsa ta kira shi yana yaro ta ce zo in ba ka wani abu, Annabi (SAW) yana zaune a gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Kawu ya ce, "Dabino ɗaya fa. Kai nawa ne a kanka?"

Na kwana ina ƙirgawa. Keke. Takalmin Sallah mai fitila. Zuwa Tamale gaida kakarta. Alawar da nake cewa zan kawo kullum in zan fita, don kawai ta saki rigata ta daina kuka. Ban taɓa ɗaukar waɗannan a matsayin ƙarya ba, dabarar lallashin yara nake ce musu. Kuma ba alkawari kaɗai ba, har da tsoratarwa. In ta ƙi cin abinci sai in ce zan kai ta a yi mata allura. Ranar da aka kai ƙaninta awo a asibiti tana tare da su, tana ganin farar riga ta ƙwalla ihu ta shige ƙarƙashin benci. Ni na dasa mata wannan, ma'aikaciyar ba ta yi mata komai ba.

Muna kai yara makaranta tun suna shekara huɗu, da safe boko, da yamma allo, muna fushi in ba su haddace Ƙulhuwallahu da wuri ba. Malam zai koya musu karatun. Amma ma'anar in sha Allah, da wallahi, da alhamdu lillahi, a ɗaki suke ɗaukarta, daga yadda suka ga tana aiki a bakinmu. Yaron da ya ji ubansa ya ce "ka ce ba na nan" alhali yana kwance a kan tabarma, ya riga ya gama darasin ranar kafin ya ɗauki allonsa.

Abin da muka canza ba shi da yawa. Na sayi ƙaramin littafi, kowace Juma'a da dare ni da matata mu zauna mu rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin da na tura wa mahaifiyata ta MoMo, wato ta waya. Makon farko ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Sai na gano ta fi ni kan lissafi nesa ba kusa ba. Ita ta ce a ware na haya kowane wata tun wa'adi bai zo ba, ita ta fara koko da ƙosai a ƙofar gida da ɗan jarin da muka tara. A 2022, lokacin da kuɗinmu sidi ya faɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen shekara, mun rage nama, mun jinkirta ɗinkin Sallah, amma ba mu yi faɗa a kan kuɗi ba ko sau ɗaya, don babu abin da ɗaya ya sani ɗaya bai sani ba. Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7 ta ce wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Ba a ce ya nuna yana da abin da ba shi da shi ba. Kyakkyawan zaton da nake da shi yanzu ya fi na da ƙarfi, domin ina kallon lambobin da idona sannan in ce Allah zai buɗa, in tashi in nemi aikin ƙofa da taga a wurin masu gini in na mota ya yi ƙasa.

Da yara kuma na koyi cewa "a'a". Kalma ce mai wuya a bakin uba, don yaro zai yi kuka kuma maƙwabta za su ji. Sai ka daure. "Babu kuɗinsa yanzu." "Ba zan saya ba, ba shi da amfani." "Sai bayan Sallah, kuma ki tuna mini." Kukan minti biyar ne. In kuma na yi alkawari wani abu ya hana, nakan durƙusa daidai tsayinta in ce na yi niyya, ga abin da ya faru, ki yi haƙuri, ga ranar da za mu yi. Wasu abokaina suna ganin bai wa yaro haƙuri zubar da girma ne. Ni dai ban ga inda nawa ya zube ba.

Ran Lahadin nan mun je. Na ranci kuɗin shiga daga na cefane, da sanin uwarta wannan karon. Yarinyar ba ta damu da manyan dabbobin ba, wurin birai ta tsaya ta ƙi motsawa har rana ta yi zafi, ta ce ɗaya yana kama da ni in ina cin shinkafa da wake. A tirotiro, motar haya, muna dawowa ta yi barci a cinyata da ledar ruwa a hannu.

Yanzu ta girma, ta shiga ƙaramar sakandare. Kwanakin baya ƙaninta ya roƙe ni ƙwallo, na ce in sha Allah ƙarshen wata. Ina ɗaure takalmi na ji tana ce masa daga cikin ɗaki, "Ka ƙirga kwanakin, zai kawo."