Talata, Kumasi

Yau da hantsi na zauna da sababbin likitocin da aka turo mana, masu yin horon shekara biyu bayan gama jami'a. Darasinmu duba marar lafiya ta waya. Na sa suka juya kujeru suka ba ni baya, ni kuwa na zama uwa mai kira daga Aboabo, wata unguwar Zango a nan Kumasi, ɗanta ɗan wata takwas ya kwana da zazzaɓi.

Na farkon ya gaishe ni da ladabi: "Hajiya, yaya jikin yaron?" Na ce, "Da sauƙi, likita," yadda kowace uwa a Zango za ta amsa ko da ba ta runtsa ba. Nan take ya kama zancen farasitamol. Na tsayar da shi. Da a gabansa yaron yake, kallo ɗaya ya isa ya gane halin da ake ciki. A waya kuwa tambaya ce kaɗai a hannunsa. Yana kama nono? Duk abin da ya sha amai yake yi? Ya yi jijjiga? In an tashe shi yana farkawa sosai? Amsa ɗaya ta zo ba daɗi, zancen magani ya ƙare, sai a ce da uwar ta goyo shi zuwa asibiti yanzu yanzu.

Ƙirgen numfashi ne ya ci mana lokaci, kuma ya cancanta. Uwa ta ɗage wa yaro riga yana kwance shiru, likita ya riƙe agogo, ita ta ƙirga tashin ƙirjin har minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50 ya yi sauri; daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. Suna da lambobin a ka tun daga makaranta. Abin da ba su saba ba shi ne lallaɓa matar da hankalinta ya tashi har ta nutsu ta yi ƙirgen.

Na tuna musu cewa aikin nan ya girmi korona a Ghana. Tun 2011 aka fara gwada shi a Amansie ta Yamma, nan yankin Ashanti, da tallafin gidauniyar Novartis: nas a ƙaramin asibitin ƙauye ta kira cibiyar ba da shawara ta waya, a ba ta shawara ko a ce ta turo marar lafiya. Shi ya sa nake son su girmama nas ɗin da ke kiransu, don ita ke tsaye a kan marar lafiyar, ita ta san hanyar in ruwa ya sauka.

Bayan azahar wata daga cikinsu ta faranta mini rai. Kafin ta yi kowace tambaya sai ta ce, "Mma, wa ke kusa da ke? Za ki iya magana?" Ba wanda ya koya mata. A gidan haya ta tashi, ta san wayar kan zama ta miji ko ta ɗa, kuma tsakar gida cike take da kunnuwa. Daga nan muka shiga batun hotunan da ake turowa ta WhatsApp. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 ta hau kanmu, kuma tun kafin doka sirrin marar lafiya amana ce.

Gobe in Allah ya kai mu za mu ɗauki mai juna biyu da ke kukan ciwon kai da kumburin ƙafa. Na roƙi ungozomarmu ta zo ta zama mai kiran.