Eriyar Baba ta hau gora

Asabar, Dass

Tun da idon Baba ya yi rauni, rediyo ce abokiyar hirarsa. Ga gidanmu a gindin dutse yake, tashoshin FM na Bauchi sai an yi ta juya rediyon kafin a tsinci magana a cikin shuuu. Jiya da dare na tarar da shi tsaye a bakin taga, ya ɗaga rediyo sama da hannu ɗaya don ya ji labarai. Abin ya tsaya min a rai. Kayan haɗa eriya na nan a leda tun watan jiya da na sayo su a Kasuwar Wunti, ina ta gobe-gobe.

Da hantsi na shimfiɗa tabarma a zaure, ƙanena ya ɗauko min filaya da abin awo. Lissafi na fara yi, don a nan mutane ke ɓata aikin. Da yawa suna ɗauka in waya ta yi tsawo shi ke nan. A gajeren zango dabarar kan yi aiki, amma FM awo take so. Tashar da Baba ya fi ji ita ce Globe FM, a 98.5. In ka raba 300 da 98.5 za ka samu mita 3 da ɗoriya, tsawon zangon ke nan. Kashi ɗaya cikin huɗu ake ɗauka, santimita 76, a ɗan rage saboda a cikin waya saƙon ba ya gudu kamar a iska. Na tsaya a 72. Awon zai ɗauki tashar Albarka ma, tunda 97.5 take, maƙwabtan juna ne.

Na feɗe wayar wuta mai kauri, na yanka jan ƙarfen gida biyar a kan awon nan. Ɗaya ta tsaya a tsakiyar soket ɗin eriya mai kusurwa huɗu tana kallon sama, huɗu na ɗaura a ramukan kusurwa, kowace ta kalli nata gefen. Su huɗun nan su ne ke zame wa wayar da ke tsaye kamar ƙasa, ko da eriyar tana can sama. Na lanƙwasa su ƙasa digiri 45, kamar lemar da aka buɗe rabi. In an bar su a kwance eriyar na zama wajen om 36 (om shi ne awon turjiyar lantarki), in an sunkuyar da su ta matso 50. Wayar dish ɗin da zan ja daga eriyar zuwa rediyon om 75 ce, amma ga mai sauraro kawai wannan ratar ba abin damuwa ba ce.

Babu wuta, sai a garwashin Inna na gasa ƙarfen liƙi. Dalmar ta yi ta ƙin kamawa sai da na kankare jan ƙarfen da wuƙa ya yi sheƙi.

Gwajin farko ya ba ni kunya. Na haɗa, na kunna, shuuu ɗin ma ya fi na da. Na kusa rabin awa ina dubawa. Ƙanena ne ya ce, "Yaya, duba nan." Ashe sili ɗaya na saƙar da ke kewaye da wayar dish ɗin, siriri kamar gashi, ya taɓa ta tsakiya. Na datse shi, na naɗe wurin da baƙin salatif.

Bayan la'asar muka ɗaure ta a kan doguwar gora, muka tsayar a jikin katanga ta ɓangaren da dutsen bai tare ba, ta haura kwanon ɗaki sosai. FM kusan miƙe take tafiya kamar haske, shi ya sa tsayi ke da amfani haka. Wayar tsakiya na maƙala a eriyar rediyon, saƙar kuma na haɗa da wajen da gindin batir ke zama.

Muryar ta fito tangaran. Baba yana zaune a kan buzunsa, ya sa hannu ya laluba rediyon, ya ji a ƙasa take ajiye. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Na ce amin, na sunkuyar da kai ina tattara guntayen waya.

Na ja wa ƙanena kunne: da ya ga hadari ya haɗo, ya cire wayar daga rediyon ya fitar da ita waje, saboda aradu. Gobe in Allah ya kai mu zan rufe soket ɗin da gindin robar ruwa kada danshi ya shiga. Yanzu goma ta wuce, ina jiyo rediyon daga ɗakin Baba.