Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Na Koma Ɗan Kasuwar Kayan Gini

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne a inda takardun filin da na saya a bayan Tumfure suka kammala. Yau sai maganar gini.

Hanya biyu ce a gaban duk mai shirin gini a Gombe. Ko ka ba ɗan kwangila kaya da aiki, ka koma gefe kana jiran makulli, ko ka riƙa sayo kayanka da kanka, ka biya masu aiki kuɗin hannunsu. Ta farkon ta masu kuɗi a dunƙule ce. Ni kuwa albashi ne, sai adashin ofis, sai ɗan abin da gonar Dukku ke kawowa bayan kaka. Ba sai an yi dogon lissafi ba.

Baffa, ƙanin mahaifina, shi na fara samu da maganar. Ya ci ƙuruciyarsa a birkilanci, tun zamanin da Gombe ke ƙarƙashin jihar Bauchi, kafin a ba mu tamu a 1996. Yakan ba da labarin lokacin da masana'antar Ashaka ta fara fitar da siminti a 1979, yadda mutane suka riƙa rushe katangar laka suna ɗora ta bulo. Da na gama bayani sai ya ce, "Ɗana, za ka iya. Amma ka sani, ranar da ka sayo kaya da hannunka, ka sayo har da laifinsu. Bango ya tsage, birkila zai ce simintinka ne. Famfo ya yi yoyo, mai famfo zai ce bututunka ne."

Na ce, "To Baffa, mene ne mafita?"

Ya ce duk abin da za a binne a cikin bango ko a ƙasa, kada in je sayensa ni kaɗai. In ɗauki mai aikin mu tafi tare, shi ya zaɓa, ni in biya. Abin da ido zai riƙa gani kullum kuwa, kamar ƙofa da tayil da fenti, wannan namu ne ni da uwargida, babu ruwan kowa.

An fara haƙa fandisho bayan damina ta 2023, watanni kaɗan da cire tallafin mai. Kowa ya san abin da ya biyo baya. Buhun simintin da a farkon shekarar ake sayarwa wajen naira 5,000, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ya haura 10,000 a faɗin ƙasar nan. Abokin aikina da ya ba da kwangila a dunƙule, ɗan kwangilarsa ya dawo neman ƙari, har sai da manya suka shiga tsakani. Ni ba ni da wanda zan yi wa faɗa, kasuwa ce kawai ke mini dariya.

A nan ne dabarar Baffa ta yi rana. Siminti ba abin ajiya ba ne, in ya daɗe ko ya ji danshi sai ya dunƙule ya zama dutse. Saboda haka duk lokacin da kuɗi ya shigo, sai in sayi buhuna in kira masu buga bulo su buga mini a filina, a gabana. Mai sayar da bulo yana iya miƙe buhu ɗaya ya fitar da abin da ya ga dama, kai dai ka ga bulo mai kyan fuska, ka ɗaga shi ya marmashe a hannu. Nawa kuwa Baffa ne ya yanke yawan da za a fitar a kowane buhu, kuma ya sa aka riƙa ba shi ruwa safe da yamma har ya yi ƙwari. Wanda ya san Gombe ya san ruwan nan ba kyauta ba ne. Kuɗin tanka kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tagumi, kuma ba na jin akwai wanda ke tunawa da shi ranar da yake lissafin gini a takarda.

Rodi ma da nasa sirrin. Za a ce maka mai mili 12 ne, alhali an rage masa kauri, farashinsa ya ɗan sauka, kai kuma kana murna ka yi ciniki. Baffa yana da wani ɗan ma'aunin kauri da yake sakawa a aljihun gaba. Mai shago na ganin ya zaro shi sai ya ce, "Baba, ku zo ta nan ciki, akwai wani." Yashi kuwa damƙa yake yi ya matse. In ya dunƙule ya ɓata masa tafin hannu, akwai laka, tifar ta koma.

Akwai abin da ban gane ba da farko. Birkilana mutumin kirki ne, amma sai na ga fuskarsa ba walwala duk ranar da na sauke kaya. Ashe a al'adar kasuwa, mai aikin da ya kawo ciniki yana da ɗan kamashonsa a wurin mai shago, kuma da wannan yake cike giɓin kuɗin hannun da muke taya su da arha. Ni ban ɗauki wannan a matsayin sata ba, ko da yake na san masu cewa haka. Na ƙara masa wani abu a kan kuɗin aikinsa, muka yi maganar a fili. Daga ranar shi da kansa yake gaya mini shagon da zan guje wa.

Da aka zo wayarin na tafi da mai aikin, kamar yadda aka umarce ni. Waya mai mili 1.5 ta fitilu, mai 2.5 ta soket, ya kuma dage sai 'yar gida, wadda aka yi a Najeriya. Ya feƙe bakin wata mai arha ya nuna mini, jan ƙarfen a sama kawai yake kamar shafin lalle, cikinta fari. Irin wannan ce ke ɗaukar zafi a cikin silin mutane na barci.

Sai tayil. Nan mulki ya bar hannuna. Uwargida ta ga wani mai sheƙi ta ce shi take so har banɗaki. Goggo, wadda za ta zauna tare da mu, ta shafa shi da yatsa ta ce, "Ke 'yar nan, so kike ki kai ni asibiti? Wannan in ya ji ruwan alwala ai sai kwatangwalo." Aka sa mai sheƙin a falo, banɗakuna aka sa mai kaushi. Goggon ce kuma ta sa aka yi mata masai na zama saboda gwiwa, na tsakar gida aka bar shi na tsuguno. Mai shagon ya ba ni shawarar in ƙara kwali biyu a kan lissafi, domin in ya ƙare aka dawo nema, ko an sami zanen da wuya launin ya zo daidai. Suna nan a sito har yau.

Hamma, wato yayana, ya so mu je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano mu yi sari. Da muka haɗa kuɗin mota da na lodi da abin da zai fashe a hanya, sai ribar ta tsaya ga mai gina gidaje da yawa, ba mai ɗaki uku da falo ba. Muka saya a gida.

Ko na rage kuɗi? Na rage, amma ba yadda mutane ke zato ba, domin abin da na tsira da shi a ciniki na mayar da shi wurin sayen mai kyau. Asabar da Lahadina kuwa sun tafi gaba ɗaya, har abokan majalisa suka laƙaba mini Sarkin Magina.

Katanga ta kai linta, aka ɗora, saura rufi. A mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin Kasuwar Katako, da baƙin man da muka shafe itace da shi saboda gara, da iskar farkon damina da ta iso kafin kafinta ya gama buga kwano.