Mako Uku a Maryvale, Unguwar da Inuwa Ta Yi Wa Ƙaranci

Ƙarfe tara na dare ta gota sa'ad da jirginmu ya sauka a filin Sky Harbor na birnin Finiks, a jihar Arizona ta Amurka. Tsakiyar watan Yuli ne na 2023. Daga Legas na taso, na sauya jirgi a Atlanta, duk jikina ya yi tsami. Ina fitowa waje iska ta dake ni a fuska, irin wadda ke fitowa daga bakin tanda idan mai gurasa ya buɗe. A Sakkwato na tashi, na san zafin watan Afrilu sarai, amma namu yakan sassauta idan dare ya raba, a fitar da katifa tsakar gida a samu barci. Nan kuwa kwalta da siminti sun wuni suna shan rana, suna amayar da ita har asuba.

Yayana ya karɓi jakata ya ce, "Sannu da hanya, ƙanena. Ka zo daidai lokacin da garin ke nuna halinsa." Gaskiya ya faɗa. A wannan shekarar Finiks ya yi kwana 31 a jere, daga 30 ga Yuni zuwa 30 ga Yuli, kullum zafi na kaiwa digiri 43 ko ya wuce. Akwai ranakun da ya taɓa 48.

Muka kama babbar hanyar I-10 muka yi yamma. Tsarin garin ba wuyar ganewa, tituna ne a miƙe kamar an ja su da zare, waɗanda suka ratsa kudu da arewa duk da lambobinsu, lambar na ƙaruwa gwargwadon nisanka da tsakiyar gari. Bayan mun wuce titi na 51 muka shiga Maryvale, inda Yaya ke haya da iyalinsa. Aikinsa a ɗaya daga manyan rumbunan ajiyar kaya ne da suka cika kudu maso yammacin birnin, matarsa kuma tana kula da tsofaffi a gidajensu.

Da gari ya waye na ƙare wa layin kallo. Gidajen kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, na bulo ne, ba bene, rufi mai ɗan gangare, ɗaki uku, da rumfar ajiye mota a gefe. Wasu sun toshe rumfar da bulo sun mayar da ita ɗaki. A ƙofar gida ɗaya sai ka ƙirga mota huɗu ko biyar, galibi a-kori-kura masu ɗauke da tsani da bokitan fenti da injin yankan ciyawa. Abin da idona ya yi ta nema bai samu ba shi ne bishiya. A gida ko layin talakawa ne ba ka rasa dogonyaro da benci a ƙarƙashinsa, da dattawa suna hira. A nan tsakuwa ce a ƙofar gidaje, sai jefi-jefi giginyar ado doguwa wadda inuwarta ba ta isa mutum ɗaya ba. Da hantsi ya ɗaga layin ya yi tsit, ba yaro ba babba.

Unguwar tana da tarihi, kuma wanda ya fi ba ni shi dalla-dalla wani dattijo ne Bature da ke ƙarshen layin, wanda iyayensa suka sayi gidan da yake ciki tun yana yaro. Wurin da gonaki ne na auduga da ciyawar dabbobi. Wani kafinta mai suna John F. Long, wanda ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sayi gonakin a tsakiyar shekarun 1950 ya fara zuba gidaje, ya sa wa unguwar sunan matarsa Mary. Gida mai ɗaki uku dala 7,950 ne a lokacin, kuma akwai lokacin da yake sayar da fiye da gida 100 a mako guda. Masu saye Turawa ne matasa, tsofaffin sojoji da ma'aikatan masana'antu masu ƙananan yara. Na'urar sanyaya ɗaki ce ta sa hamada ta zaunu. A 1950 mutanen Finiks ba su fi 107,000 ba, kafin 1960 sun kusa 440,000, a ƙidayar 2020 kuwa sun haura miliyan 1.6.

Daga shekarun 1970 zuwa 1980 masu ɗan hali suka fara tashi zuwa sababbin unguwanni da ke can gaba. A cikin shekarun 1980 ɗin ne kuma aka lura sankarar jini ta yi yawa a tsakanin yaran yankin, aka rufe wasu rijiyoyin ruwan sha da sinadarin masana'antu ya gurɓata. Sunan unguwar ya ɓaci, farashin gidaje ya sauka, waɗanda suka shigo suka maye gurbi su ne iyalan da suka fito daga Meziko da 'ya'yansu. Yau mutanen Maryvale sun haura 200,000, kusan uku cikin huɗu 'yan asalin Latin Amurka ne, kuma tana cikin unguwannin da suka fi yawan yara da matasa a duk birnin. Ba sai an karanta maka wannan ba. Allunan shaguna da Sifaniyanci suke, mahauta da masu gasa masara da masu gyaran taya, da yamma kuma mai kurar ƙanƙara na zagayawa yana kaɗa ƙararrawa. A kasuwar Desert Sky da ke titi na 75 na ga shagunan rigunan bikin 'yan mata masu cika shekara 15, jere guda, kamar layin masu kayan lefe.

Wata rana da daddare Yaya ya ɗauko biro da bayan ambulan ya yi mini lissafi, domin na tambaye shi dalilin da ya sa har yanzu bai sayi gida ba. Mafi ƙarancin albashi a Arizona a 2023 dala 13.85 ne a awa. Wanda ya yi awa 40 a mako zai tashi da wajen dala 2,400 a wata, kafin a cire haraji. Hayar gidan da muke zaune ciki ta kusa dala 2,000. Ya aje biron ya ce, "To ka gani. Albashi ɗaya ba ya riƙe gida a nan. Shi ya sa kake ganin motoci biyar a ƙofa ɗaya. Uba na aiki, uwa na aiki, babban ɗa na aiki, ga ƙanin uba a ɗakin da aka yi da rumfar mota." Ga kuɗin wuta, wanda a watannin zafi yake ninkawa, kuma ba abin da za a yi tsimi a kai ba ne, domin kashe na'urar sanyaya ɗaki a Yuli wasa da rai ne.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne damar da ta wuce kafin ya zo. Lokacin da kasuwar gidaje ta Amurka ta rushe a 2008, Maryvale na cikin wuraren da abin ya fi yi wa ɓarna. Bankuna suka ƙwace gidaje layi-layi, har aka riƙa sayar da wasu ƙasa da dala 50,000. Masu kuɗi a hannu da kamfanonin zuba jari suka kwashe da yawa suka zuba 'yan haya. Irin waɗannan gidajen yanzu sun haura dala 300,000. Iyalin da aka kora daga gidansu a wancan lokacin, wasunsu haya suke biya yau a unguwar da suka taɓa mallakar gida. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin gidajen nan tun asali don mai ƙaramin ƙarfi aka gina su.

Ranar Juma'a, bayan mun sauko daga masallacin da ke gefen hanyar I-17, inda na yi sahu da Somaliyawa da Sudanawa da 'yan Afganistan, Yaya ya ce bari ya nuna mini wani abu. Muka hau titin Camelback muka yi gabas. Sunan wani dutse ne da ya yi kama da raƙumi a gurfane, har da tozonsa. Titi ɗaya ne ɗoɗar daga Maryvale har Scottsdale, amma kana tafiya garin na sauya launi. Tsakuwa ta koma ciyawa shar, bishiyoyin lemo da manyan itatuwa suka rufe gidaje, har iskar da ke shigowa ta taga ta ɗan yi sauƙi. A gindin dutsen akwai Paradise Valley, inda gida ɗaya ke cin miliyoyin daloli. Garin da ruwan samansa a shekara bai kai milimita 200 ba, duk koren da ka gani a cikinsa da kuɗi aka shayar da shi. Ruwan daga Kogin Salt yake zuwa, da ƙarƙashin ƙasa, da kuma Kogin Kolorado ta wata doguwar hanyar ruwa mai tsawon fiye da kilomita 500. Masu yanke ciyawar da na gani a bakin titi, sun naɗe fuska da ƙyalle kamar Buzaye, motocinsu irin na layinmu ne. Su ke raya inuwar gabas, su koma yamma su kwana inda babu ita.

A mako na biyu wani abu ya faru da ba zan manta ba. Maƙwabciyarmu tsohuwa ce 'yar Meziko, tana zaune da jikokinta biyu. Gidanta ba na'urar zamani, sai wata tsohuwar akwatin ƙarfe a kan rufi wadda ke jiƙa tabarmar zare da ruwa, fanka ta hura iska ta cikinta. Dabarar randa ce sak, kuma tana aiki muddin iska a bushe take. To ran nan injin ya tsaya da tsakar rana, mai gidan kuma bai ɗaga waya ba. Anti, matar Yaya, ta dawo daga aiki ta tarar da ƙaramar jikar a ƙofarmu tana ƙwanƙwasawa. Ko jakarta ba ta aje ba ta ce mini, "Baffan yara, zo ka kama mini ita." Muka shiga. Ɗakin kamar cikin mota da aka rufe a rana. Tsohuwar na zaune a kujera da jiƙaƙƙen tawul a wuya, leɓɓanta sun bushe, tana ta cewa ba komai da harshenta. Muka tallabo ta zuwa falonmu, Anti ta jiƙa mata ƙafafu, ta riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan da cokali. Kwana biyu suka yi tare da mu kafin a gyara injin. Ba ta jin Turanci sosai, mu ba ma jin Sifaniyanci, jikokin ne tafintoci. Daga baya hukumar lafiya ta gundumar Maricopa ta fitar da adadin waɗanda zafi ya kashe a 2023, mutum 645. Da na ga adadin, fuskar tsohuwar nan ce ta faɗo mini.

Bayan kwana uku ta aiko jikanta da kwano a rufe, ƙullin masara ne da aka naɗe a ɓawonta aka turara, mai kama da dokunu. Yaron ya tsaya ya jaddada wa Anti cewa kakarsa ta ce na kaza ne, kuma da man gyaɗa ta yi, ba ta sa kitsen alade ba. Ashe ta lura da abin da muke ci da wanda ba ma ci.

Jirgina na komawa na sassafe ne, don haka ƙarfe huɗu na asuba muka fito da jaka. Na zaci zan tarar da layin a mace kamar yadda na saba ganinsa da rana, sai na ga fitilu a kusan kowane gida. Maza na loda tsani da manyan jarkokin ruwa masu ƙanƙara a bayan motoci, masu aikin rufi da magina da ke son su ci ƙarfin aiki kafin rana ta ɗaga. Ɗan maƙwabcinmu na gaba, wanda bai fi shekara 19 ba, ya ɗaga mana hannu yana ɗaura ƙyalle a wuya. Yaya ya tayar da mota, ma'aunin zafi ya nuna digiri 35, muka bi bayansu har bakin babbar hanya.