Tambayar da Malam ya yi mini kafin in taɓa bakin yaro ko ɗaya

Shekara ta biyu ke nan ina koyon gyaran jerin haƙora lokacin da na kai wa malamina takardar binciken da nake son yi a nan Katsina. Yaran da haƙoransu na sama suka turo gaba nake so in raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu a sa musu ƙarfe tun suna 'yan shekara takwas ko tara, wasu a jira sai sun haura sha biyu. Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce, “Likita, waɗanda suka riga ka me suka gano?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai na kawo takardu biyar.”

Ya ce ba su yake nufi ba, don biyar ɗin ni na zaɓo su, kuma duk bayana suke goyo. Bitar da ta tattaro dukkan gwaje-gwajen yake nufi, masu daɗin ji da marasa daɗi, aka auna ingancin kowanne.

A daren na nemo ta. Ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a 1993 don irin wannan aiki, ta sabunta bitarta a kan wannan matsala a 2018, gwaji 27 ta haɗa. Tambayata tana ciki, an amsa ta. Ko an fara da wuri ko an jira, idan an kammala magani turowar haƙoran kusan daidai take fitowa. Ribar farawa da wuri ɗaya ce, ita ce raguwar rauni a haƙoran gaba: kashi 19 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa na'urar gyaran muƙamuƙi da wuri ne suka samu sabon rauni, waɗanda aka jinkirta kuwa kashi 30.

Abin da ya hana ni barci wata uwa ce da ke kawo ɗanta daga Daura. Da sassafe suke shigo mota, yaron ya rasa makaranta ranar, a ɗaure masa wayar ƙarfen haƙora, ya kwana biyu ba ya iya tauna ko tuwo. Bayan sati shida su sake dawowa. Da na yi gwajin nan, da iyaye irinta da yawa na ɗora wa wannan wahala shekara da shekaru, don in gano abin da ke rubuce tuni. Da kuma sun sa hannu a takardar yarda ne bisa amanar cewa ba a san amsar ba.

Ba mu kaɗai ke wannan kuskure ba. Wasu masu bincike, Robinson da Goodman, sun nuna a 2011 cewa rahotannin gwaji ba sa ambaton ko kashi ɗaya cikin huɗu na gwaje-gwajen da suka gabace su a kan batu guda. Shi ya sa ƙa'idojin rubuta rahoton gwaji da ake kira CONSORT suke so mai gwaji ya bayyana tun a gabatarwa abin da aka riga aka sani, ya dogara da irin wannan bita idan akwai.

Da na koma, Malam bai ce in yar da batun ba. Ya ce in sake karanta bitar, wannan karon in nemi inda ta yi shiru. Sai na lura gwaje-gwajen da suka kwatanta farawa da wuri da jinkirtawa a Amurka da Ingila aka yi su, inda yaro ke ganin likitan haƙori tun bai fara ciwo ba. Namu sai haƙori ya karye a filin ƙwallo ko an faɗo daga babur ake kawo su.

Na sake takardar daga farko. Yanzu makarantun firamare nake bi da ɗan ma'aunina, ina auna turowar haƙoran yara, ina duba nawa ne a cikinsu haƙorin gaba ya riga ya gutsure.